Ranau Ya Mutu a Bakin Kogi

Kwanakin baya gidanmu na Karaye ya rasa zaman lafiya, kuma ba a kan gado ba ne, ba a kan aure ba. A kan wani mutum ne mai doki da malafa, wanda ba shi da rai ba shi da jini, yana zaune cikin talabijin ɗin jikokina.

Su biyu ne, Auwalu da ƙanensa Kabiru. Auwalu gyaran waya yake yi a bakin kasuwa, Kabiru kuwa malamin firamare ne. In sun dawo da yamma sai su shige soro su kunna abin nan da suke kira gem. Sunansa na Turawa ne, bakina bai taɓa kama shi ba. Na dai leƙa na gani. Daji ne mai faɗi, da duwatsu, da dawakai, da maza masu bindiga a ƙugu. Ba kallo kawai ake yi ba. Wanda ya riƙe abin latsawar shi ke tafi da mutumin: in ya ga dama ya hau doki, in ya ga dama ya sauka ya hura wuta ya gasa nama. Watanni suka yi tare da shi, har ni ma na san tafiyarsa. Sai ran nan suka kai ƙarshen labarin, mutumin ya mutu.

Tun daga ranar ba su ci tuwo cikin shiru ba.

"Wallahi sai masu gem ɗin sun ci gaba da shi," in ji Auwalu, yana nuna ƙanensa da loma a hannu. "Abin da duniya ta karɓa haka a ce an rufe? Su yi na gaba, su yi na gaban na gaba, har 'ya'yana su zo su tarar."

"Su yi da wa?" in ji Kabiru. "Ya mutu, Yaya. A hannunka ma ya mutu."

"Kamfanin da ya yi shi ai ya san yadda zai dawo da shi."

"To ka karɓi kwangilar mana, tun da kai mai gyara ne. Ka buɗe bayansa ka canja masa batir."

Auwalu ya juyo wajena, ina kan tabarma ina jan carbi. "Amaryata, ke ki raba mu. Ki faɗa wa yaron nan gaskiya."

Na ce, "Angon da ya shekara bai kawo mini goro ba, yau ya tuna da ni saboda shari'a?"

Suka yi dariya. Sai Auwalu ya ce, "Allah kuwa, Hajiya. Ya dai faɗi, amma ba a nuna an binne shi ba."

Carbin ya tsaya a hannuna. Na taɓa jin wannan maganar, kusan kalma da kalma, tun ban fara ɗaura zani ba. Kuma saboda ita nake ɗauke da wata tatsuniya da ba ta da ƙarshe, tun ina yarinya har ga shi haƙorana sun zube. Ban taɓa ba wa kowa ita ba, don ban san inda zan ajiye ta ba.

A Jajaye aka haife ni, can ƙasar Rogo. Kakata ta wajen uba ita ce Iya Gambo, kuma a ɗakinta nake kwana. Doguwa ce, mai kaurin murya, ba ta cika dariya ba. Tana da gayaunarta a bayan gari, 'yar gona ta kanta, inda take shuka gyaɗa. Daga wannan gyaɗar take samun manta da ƙuli-ƙulinta, da goronta da sabulunta, ba ta taɓa miƙa wa babana hannu ba. Wannan shi ne girmanta, kuma tana tsaronsa kamar ido.

Wanda bai noma gyaɗa ba ba zai san wahalar iri ba. Irin gyaɗa a cikin ɓawonsa ake ajiye shi har bazara. In ka ɓare da wuri ya lalace. In ka zuba a turmi ka daka, ƙwayar ta fashe, ba za ta tsiro ba. Sai da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a ɗan tsakanin nan, daga fara haɗuwar hadari zuwa saukar ruwan shuka. Ita kuwa Iya sanyin ƙashi ya riga ya kama yatsunta, sun karkace, ba ta iya matse ɓawo. Sai ta sayi hannuwan yara da bakinta.

Bayan sallar isha'i yaran unguwa za su taru a ƙofar ɗakinta. A zazzage buhu a tsakiya, kowa ya ja ƙwarya. Zafi ake yi, ba mai neman ɗumi, amma sai an hura 'yar wuta da ɓawon gyaɗar, don haske da korar sauro. Ƙwayar da ta motse taka ce, ka ci. Mai kyau kuwa in ta kusanci bakinka, Iya za ta tsayar da magana ta zuba maka ido har sai ka mayar. Hannu yana aiki, kunne yana aiki, wuta tana ƙara da ɓawo.

Tana da doka guda. Duk tatsuniyar da ta ɗauko sai ta kai ta ƙarshe a wannan zaman. Takan ce, "Tatsuniya baƙuwa ce. Ba a barin baƙuwa a tsaye a ƙofa a je a kwanta." In ta gama sai ta tafa hannu sau ɗaya ta ce, "Na kai ta gida." Daga nan ba tambaya, ba ƙari.

A cikin tatsuniyoyinta akwai wadda ba ta yi sai sau ɗaya a shekara, a zaman farko na ɓarar iri. Ita ce ta Ranau.

Wai Ranau ɓarawo ne, kuma ba ƙaramin ɓarawo ba. Yana da wata goɗiya ja mai gudu kamar iska, da ita yake fasa rumbunan mutane. Sai aka yi shekarar yunwa, irin wadda mutane ke cinye har irin da suka ajiye. A hanya ya tarar da wata tsohuwa makauniya zaune a gindin kuka, ta rungume wata 'yar jaka. Ta je ƙasa mai nisa ta roƙo irin gero don mutanen garinta, ƙafafunta sun gaza a kan hanyar komawa. Ta ji takun doki ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ranau ne." Ta ce, "Ɓarawon nan?" Ya ce, "Shi." Sai ta miƙa masa jakar ta ce, "To ɓarawo, ga amana. Garinmu yana hayin kogi. In ruwa ya sauka ba su da abin shukawa, sun ƙare."

A nan Iya takan sassauta murya. "Tunda uwarsa ta haife shi," in ji ta, "ba wanda ya taɓa miƙa masa abu da hannunsa. Kullum shi ke ɗauka."

Ya kama hanya. Yunwa ta ci shi har yana ganin duhu da rana tsaka, ga gero a gaban sirdinsa, bai taɓa ƙwaya ɗaya ba. Mutanen da ya taɓa yi wa sata suka ga sawunsa suka biyo shi da kwari da baka. Ya iso bakin kogi, kogi ya kawo, goɗiya ba za ta iya haye shi da mutum a bayanta ba. Sai ya sauka. Ya ɗaure jakar a wuyanta tamau, ya sumbaci goshinta, ya dake ta ta faɗa ruwa. Shi kuma ya juya ya tsaya a bakin gaɓa don kada masu binsa su harbe ta. Kibiyar farko ta same shi, ya tsaya. Ta biyu ta same shi, ya tsaya. Sai da ya ga goɗiyar ta taka ƙasar hayi, sannan ya faɗi. Mutanen garin suka ga doki ba mahayi, suka kwance jaka, a daren ruwa ya sauka. Har suka girbe geronsu ba su san sunan wanda ya kawo shi ba.

Duk shekara sai mun yi kuka, har manyan cikinmu masu cewa hayaƙi ne ya shige musu ido. Iya ta tafa hannu, mu watse jikinmu a sanyaye.

A shekarar da nake ba ku labari ma haka aka yi a zaman farko. Washegari kuwa ba wanda ya zo.

Akwai wani saurayi a unguwarmu, Tanko, yaron mota ne a babbar motar da ke kwasar gyaɗa zuwa Kano. Motar ta lalace, ya dawo gida zaman jira. A birni ya shiga sinima ya ga fim ɗin kaboyi, irin mutanen nan dai masu doki da malafa da jikokina ke fama da su yau. Sai ya tsaya a dandali yana kwatanta wa yara. Ya karya kara biyu ya soke a ƙugu, ya karkata hula, ya zare su yana "Kau! Kau!" yana birgima a ƙasa. Mutumin Tanko ba ya mutuwa. A ɗaure shi a kan hanyar jirgin ƙasa, jirgi ya taho, sai Tanko ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Sauran sai gobe." Yara su yi ta ihu suna roƙo, shi ko ya tafi yana fito.

Wa zai zauna ɓarar gyaɗa, jirgi yana shirin take mutum?

Muka zauna ni da Iya da buhuna. Ina ɓara har babban yatsana ya yi bororo ya fashe, ƙwaryar ba ta ko rufe gindi ba. Gabas kuwa kullum sai ta haɗa baƙi, a yi walƙiya can nesa, iska ta taso ta kwanta. Maza suna gona suna sharar ƙarshe, mata kowa na fama da nata irin. Iya ta tashi ta leƙa sama, ta dawo ta zauna, ta sake tashi. Ihun dandali yana iso mu. Na ce bari in gaya wa Baba a taimaka mana, ta ce in na buɗe baki sai ta saɓa mini. In ruwan shuka ya sauka irinta yana cikin ɓawo, shukar fari ta wuce ta, kuma a wannan shekarar sai ta ci daga hannun ɗanta.

Ran nan ta ce mini, "Ke, me Tanko yake ba su ne?"

Na kwatanta mata yadda na ji a bakin rijiya.

"Shi mutumin nasa ba ya mutuwa?"

"Ba ya mutuwa, Iya."

"Ko an harbe shi?"

"Sai ya tashi."

Ta watsa ɓawo cikin wuta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni ma ai cewa na yi Ranau ya faɗi. Na ce an binne shi?"

Na ce, "Amma Iya, kin kai ta gida."

Ta ce, "Tashi ki je dandali ki ce Ranau yana numfashi."

Kafin in dawo yara sun riga ni isowa. Har da waɗanda ba su taɓa zuwa ba, har da na wata unguwa. Iya ta gyara zama ta ce wai wani masunci ne ya tsince shi a cikin ciyawar bakin ruwa, ya cire masa kibau, ya yi masa magani. Aka yi ta tsalle. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Wa ba ya son wanda yake ƙauna ya tashi? A wannan zaman aka ɓare abin da ni kaɗai ba zan ɓare a mako ba. Da aka zo tashi, Iya ta ɗaga hannuwa kamar za ta tafa, sai ta mayar da su kan cinya ta ce, "Ku dawo gobe."

Suka dawo kuwa. Amma mutumin da ya tuba ya zauna yana noma ba ya tara yara. Dole Ranau ya koma hanya. Ya je neman goɗiyarsa, ya yi faɗa da 'yan fashi. Da aka gaji da 'yan fashi ya yi da zaki. Da aka gaji da zaki ya yi da aljanin tsamiya. Yara suka fara sa baki.

"Iya, a ba shi bindiga!"

"Bindiga kuma? A zamanin kwari da baka?"

"Na Tanko yana da biyu!"

"To ya tsinci ɗaya a kogo."

"Da malafa!"

"Ya sa malafa. Ke Lami, na ga wannan ƙwayar, mayar da ita."

Har Tanko da kansa ya dawo yana raɓewa a jikin danga yana saurare, don dandalinsa ya watse. Buhuna suna ta raguwa. Iya ta ci nasara, kowa ya ga haka.

Ni da nake kwana da ita na ga wani abu dabam. Tatsuniyoyinta na da daga kakarta ta gaje su, sun goge sun yi sumul kamar dutsen niƙa, ba ta neman kalma. Yanzu kuwa da rana tana kaɗi tana magana ita kaɗai, tana neman masifar da za ta jefa Ranau a ciki da yamma, wadda ta fi ta jiya. Zare ya tsinke ba ta lura ba. Ta sa shi ya sake sata, don labari ya yi zafi. Ta sa ya auri 'yar sarki, ta manta, ta sake aura masa wata. Kuma ba wanda ya ƙara yin kuka. In kibiya ta same shi sai yara su ce, "Ai zai tashi," su ci gaba da taɗinsu. Tsohuwar makauniya da garin hayi ba wanda ya sake tambayarsu. Ran nan wani ƙaramin yaro ya ce, "Iya, wai me ya sa tun farko bai cinye geron ba?" Aka yi dariya. Iya ba ta yi ba.

A zaman da aka zazzage buhun ƙarshe, ta jefa Ranau cikin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Maƙiyansa suka kewaye bakinta, kowa da dutse a hannu. Tana cewa, "Sai babbansu ya ɗaga nasa dutsen," sai iska ta taso da ƙarfi ta watsa wutar, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya kwashi ƙwaryarsa a guje. Da asuba gari duk ya fita shuka, Iya tana gaba da 'yar sandarta, ni ina binta ina jefa iri.

Damina ba ta barin yaro ya zauna hira. Ana idar da isha'i kowa ya faɗi kamar an sare shi. In na tambaye ta Ranau sai ta ce, "Bari kaka ta yi." Da marka ta kankama sai ciwo ya kwantar da ita. Wata rana da la'asar ina ba ta kunu, ruwa yana zuba a bakin ƙofa, na ce, "Iya, yaya Ranau zai fita daga rijiya?"

Ta ce, "Fita ba wuya, 'yar nan. Igiya ce kawai, ko wani ya zo wucewa. Ba fitar ce ta dame ni ba."

"To mene ne?"

"Na rasa inda zan kwantar da shi. Mutuwarsa mai kyau guda ɗaya ce, na kuwa riga na sayar da ita."

Ban gane ba a lokacin. Ba a kai ga cirar gyaɗa ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta. Gyaɗar ta yi kyau a shekarar, har mutane suna tsayawa kallo. Ita ba ta gani ba.

Yaran unguwa suka manta, ni ban manta ba. Aka kawo ni Karaye aure, na haifa, na yaye, na aurar. Na yi wa 'ya'yana duk tatsuniyoyin Iya ban rage ba, sai wannan. Ina tsakiyar daka sai in tuna akwai mutum a cikin rijiya, da dutse a ɗage a kansa. Na fitar da shi ta hanyoyi da yawa a zuciyata. Na kashe shi a yaƙi, bai zauna ba. Na tsufar da shi a gidan sarki, bai zauna ba. Na mayar da shi bakin kogi, na ga ai wanda ya tsira daga kibau sau ba adadi, kibiya ba za ta ƙara ba kowa tsoro a kansa ba. Duk ƙarshen da na ɗinka masa sai ya zame kamar rigar aro.

To da Auwalu ya yi wannan maganar ta binnewa, sai na ce su kashe talabijin su fito da tabarma tsakar gida, su kira mini Ummi. Ummi autarsu ce, ba ta daɗe da fara haddar izu na farko ba, bakinta ya fi jikinta girma. Ba wuta, fitilar sola ce a rataye a jikin bango, ba kuma gyaɗar ɓara. Na ɗauko Ranau daga gindin kuka, na bi da shi ta yunwa, na kai shi bakin kogi. Rabona da jin kalmomin nan a fili tun ina yarinya. Goɗiya ta haye, ya faɗi, ruwa ya sauka. A nan na tsaya. Masunci bai zo ba.

Ummi ta zuba mini ido, hawaye sun cika su. "Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Hajiya, ki tashe shi."

"Ya mutu, Ummi."

"Ai ke kike faɗa! In kin ce ya tashi zai tashi!"

Wallahi sai da masuncin ya zo har bakina. Yana nan a shirye da kwalekwalensa, kalma ɗaya ce. A lokacin na san abin da Iya ta ji, kuma duk wani ɗan ƙorafi da na taɓa riƙe mata ya fita daga raina. Ita tana da buhuna a gabanta da hadari a kanta. Ni fuskar yarinya ɗaya ce kawai, ga shi ina neman in kasa.

Na ce, "Ba zan tashe shi ba."

Ta miƙe ta buga ƙafa. "Ba na ƙara jin tatsuniyarki!" Ta shige ɗakin uwarta.

Sannan na ba samarin sauran labarin, na Tanko da bindiga da rijiya. Kabiru ya tafa cinya. "Ka ji ko, Yaya? Ka ji abin da nake gaya maka?"

Na ce, "Kada ka yi saurin murna, malam. Iya ba wauta ta yi ba, irinta ta ceta. Su ma masu gem ɗin nan suna da nasu buhunan da suke so a ɓare musu, da ma'aikatan da za su ci abinci. Ban ce su mugaye ba ne in sun ci gaba. Na dai ce akwai abin da ake biya, kuma mutumin nan naku shi zai biya."

Auwalu ya jujjuya waya a hannu. Can ya ce, "To in ba shi aka tasa ba fa? Ƙasar nan tana da faɗi, Hajiya. Akwai garuruwan da ba mu shiga ba. A kawo wani mutum dabam, da nasa dokin da tasa matsalar, a bar wancan ya kwanta."

Na ce, "Wannan ban sani ba. Iya ba ta gwada haka ba. In za su iya ba kowane mutum nasa ƙarshen, su kuma yi haƙuri har sai sun sami labarin da ya isa a faɗa, wataƙila. Amma ka ce kowace shekara. Wanda ya yi alkawarin kowace shekara, wata shekarar ba shi da abin faɗa, kuma dole ya faɗa."

"Amaryata ta juya mini baya," in ji shi.

"Kawo goro ka gani."

Ba su daina musun ba, kada in yi muku ƙarya. Shi Auwalu ma sake gem ɗin ya yi daga farko, da ya kusa wurin mutuwar sai ya ƙi ƙarasawa. Kullum yana daji yana farauta da kamun kifi, wai shi nasa mutumin ba zai mutu ba. Ummi kuwa ta koma soro wajensa tana kallo. In ta wuce ni sai ta gaishe ni a tsaye, a taƙaice, kamar baƙuwa. Da yamma in shimfiɗa tabarma in zauna ni kaɗai, ƙarar bindigogi tana fitowa daga soro. Na yi ta saƙawa ina kwancewa. Me na tsare? Mutumin da bai taɓa rayuwa ba? Na kori jikata mai rai saboda ɓarawon tatsuniya? Sau da yawa na yi niyyar kiranta in ce masunci ya zo. Ban kira ba, amma ban sami natsuwa ba.

Ran nan da hantsi na zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, sai na ji murya a gindin rumbu. Ummi ce, ta tara 'ya'yan maƙwabta ta zaunar da su a ƙasa, ita ta hau kan turmi. A garinmu ba a tatsuniya da rana, har na buɗe baki zan hana, sai na ji ta ce, "Ta ce, ɓarawon nan? Ya ce, shi."

Na tsaya a bayan danga. Ta bi ta tiryan-tiryan. Ta mayar da goɗiyar fara, ta ƙara wa kogin kada, amma geron bai taɓu ba, kuma Ranau ya sauka daga sirdi a inda ya kamata ya sauka. Sau ɗaya ta ji ta, ga shi ta ɗauke ta duka. Ni kuwa na ɗauki mai tsawon, mai bindiga da 'ya'yan sarki, shekara da shekaru, ban iya miƙa wa ko mutum ɗaya ba. Abin da ba shi da ƙarshe ba ya ɗaukuwa, sai dai ya zauna a kan mai shi.

Da Ranau ya faɗi sai wani ɗan maƙwabcinmu ya ɓata fuska ya ce, "Ƙarya ne, ai zai tashi."

Ummi ta dube shi daga kan turmi, idonta ya yi ja.

"Ba zai tashi ba," in ji ta. "In ya tashi, wa zai tare wa goɗiyar kibiya? Yi kukanka kawai, ni ma na yi."